Agolan littafina: in ba shi gado ko in bar shi ya tashi haka?

Marubuciya:
Slm jama'ar gida barkanmu da dare. Dan Allah shawara na zo nema kafin in saki fejin ƙarshe na littafin nan da muke tafe da shi tun bayan ƙaramar sallah, don wlh na maƙale, kwana uku ina rubutawa ina gogewa. Waɗanda suka shigo guruf daga baya bari in ɗan gutsura muku. Labarin ya fara a 1986, wata mata mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗan shekara huɗu, bayan ta fita takaba ta auri wani ma'aikacin masaƙa a unguwar Kakuri ta Kaduna mai mata ɗaya da yara uku, ta tare da ɗanta, shi ke nan ya zama agolan gida. Uwargida ta gasa masa aya a hannu, shi kuma maigidan ba mugu ba ne amma irin mazan nan ne da ba sa son a kawo musu ƙara. Yaran gida aka bar su a boko, shi yana gama firamare aka miƙa shi Panteka koyon walda. Rikicin Kaduna na 2000 ya tashe su daga Kakuri suka tsallako kogin Kaduna suka dawo Rigasa, masaƙa ta rufe, maigida ya zauna, sai ga agolan nan shi ke sauke buhun masara a gidan, shi ya yi jinyar tsohon shekara huɗu bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Toh yanzu tsoho ya rasu an zauna rabon gado, gidan Rigasa ne kawai dukiyar kuma rabin bulon da ke jikinsa agolan ne ya saya. In sa a fito da wasiyya ranar rabo kowa ya sha mamaki, ko in bar shi ya kaɗe rigarsa ya tashi ba ko sisi?

Auta:
Anti wlh in kika bar shi haka na daina karanta littafinki har abada. Wata biyar muna kuka a kan bawan Allahn nan, ki ba shi gidan gaba ɗaya ma, ita kuma tsohuwar ta durƙusa ta nemi gafara a gaban kowa

Ɗan Kakuri:
Ni gyara gare ni kafin a shiga maganar gado. A feji na 12 kin sa maigida na dawowa da la'asar kullum kamar ma'aikacin sakatariya. Masaƙa ba haka take ba ƙanwata, aikin karɓa-karɓa ne, masu safe masu rana masu dare, inji ba ya kwana. A Makera na tashi, babanmu in yana satin dare sai mu yi kwanaki ba mu ga idonsa ba, ya shigo da safe da ɓurɓushin auduga a gashin kai ya kwanta, a ce kar wanda ya yi tari. Wannan ma taimakonki zai yi don shi ne dalilin da zai sa bai san abin da ake yi wa yaron ba, ko ya sani ba shi da sauran ƙarfin bin ba'asi. Sannan ki daidaita shekarar rufewa, masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 a 2002 ta tsaya, masaƙar UNTL kuwa ta kai 2007, a feji na 30 kamar kin haɗe su wuri guda.

Marubuciya:
Na gode Yaya, ta 2002 nake nufi, zan gyara in zan haɗa shi cikakke

Malam na Unguwar Sanusi:
Wa alaikumus salam. Abin da Auta ke so dai ba zai yiwu ba. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, ba jini tsakaninsu ba aure, ko shekara hamsin ya yi a gidan. Amma daidai wannan rashin gadon ne ya buɗe masa ƙofar wasiyya, don magaji ba a yi masa wasiyya, wanda ba magaji ba kuwa ana iya bar masa har sulusin dukiya, kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Sai dai ki lura da jerin: a fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. In bulon nan rance ya ba tsohon ko da sharaɗin yana da rabo a ginin, to haƙƙinsa ne, kafin a raba za a fitar masa. In kyauta ya yi don Allah, ta wuce. Matan biyu kuma tumuni za su raba tsakaninsu tunda akwai 'ya'ya, wato uwarsa na da kashi ɗaya cikin 16, wanda in ta rasu ta nan shi ma zai ɗan samu.

Auta:
Toh ai shi ke nan ga hanya, sulusi! Anti ki sa a tsinci takardar a ƙarƙashin filo

Malam na Unguwar Sanusi:
Takardar ƙarƙashin filo sai a fim 'yata. In ba shaidu, magada suka ce ba su san zance ba, aiki ya dawo sabo. Haka in tsohon ya ce masa na ba ka ɗakin zaure tun yana raye amma bai karɓa ya shiga hannunsa ba har aka rasu, a wajen Malikiyya kyautar ta faɗi.

Hajiyar Malali:
Ni tun feji na 5 nake ciki da ke 'yata, yau dai zan amayar. Duk littafin da aka ɗauko matar uba ko kishiyar uwa sai an liƙa mata boka da ƙullin magani, ke kin kyauta ba ki kai ta wajen boka ba, amma kuma ba ki taɓa shigar da mu ɗakinta ba ko sau ɗaya. Matar nan tana zaune da yara uku a ciki da falo kan albashi ɗaya, a shekarar da Babangida ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP kaya suka fara tashi, rana tsaka aka ƙaro mata mutum biyu a kan kwanon da dama bai ishe su ba. Ban ce ta yi daidai ba. Amma ina dangin uban yaron? Baffanninsa fa, ko sabulu sun taɓa aikowa? Kin bar su sun sulale daga labarin ba wanda ya zage su, duk zagin ya tattaru a kan mace. Ni da kuke gani yaran miji huɗu na riƙe, uwarsu na raye tana wani auren a Zariya. In na daki nawa tarbiyya ce, in na ɗaga murya a kan nata a ce ai dama. Babbar ta yi shekara bakwai ba ta kira ni da komai ba, ba Mama ba Anti, sai dai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi gyaran murya. Da ta tashi haihuwar fari gidana ta zo wankan jego, ni na dinga dafa mata ruwa da ganyen darbejiya kwana arba'in ina dama kunun kanwa, uwarta ta zo da rana ta koma. Yau ita ke saya min maganin suga. Kuma kar ku ɗauka daɗi ya game, mai bi mata har gobe gaisuwar sallah ce kawai tsakaninmu, alhali a kansa na fi shan wahala, shi ne mai fitsarin kwance.

'Yar Tudun Wada:
Hajiya Allah ya saka miki amma ki yi haƙuri, talauci ba ya sa a ware wa yaro ɗan shekara huɗu kwanonsa daban a ajiye masa a bakin rariya. Wannan ba SAP ba ce zuciya ce. Ni a layinmu na ga yarinyar da ake tasa da asuba ɗibar ruwa 'yan gida na barci, ta tafi makaranta tana gyangyaɗi, kuma mai gidan yana fita masallaci yana tsallake ta

Hajiyar Malali:
Ban musa ba, akwai azzalumai. Cewa na yi marubuci ya shiga ɗakin kowa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Malam na Unguwar Sanusi:
Tambayar Hajiya kan dangin uba tana da tushe. Ciyar da agola bai wajaba a kan mijin uwa ba, in ya yi kyautatawa ce. Ko renon ma, a Malikiyya uwa ce ta fi cancanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, amma in uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba sai haƙƙin ya koma wajen kaka ta wajen uwa. Shi ya sa kuke ganin zawarawa da yawa na barin yara wajen iyayensu su tafi gidan miji su kaɗai. Wannan ba yana nufin a wulaƙanta wanda aka zo da shi ba. Umar bin Abi Salama a ɗakin Manzon Allah (SAW) ya tashi bayan ya auri Ummu Salama, kuma hadisin nan na ambaton sunan Allah da ci da dama da cin abin da ke gabanka shi aka faɗa wa, yana yaro hannunsa na yawo a cikin akushi. Kun ga kenan kwano ɗaya ake ci da shi. Muhammad bin Abi Bakr kuma a hannun Sayyidina Ali ya girma.

Uwar Biyu:
Ni fa tun farko na zata soyayya za ki haɗa tsakaninsa da 'yar uwargidan ta biyu, wadda take ɓoye masa ƙanzo a cikin hijabi, wlh da ya fi daɗi, uwar ta haɗiyi zuciya hhhh. Malam wai ma ya halatta?

Malam na Unguwar Sanusi:
Ya halatta in ba su sha nono ɗaya ba, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Wadda ta haramta ita ce agola mace ga mijin uwarta in ya riga ya tare da uwar, tana cikin aya ta 23 a Suratun Nisa'i. Kuma tunda aure ya halatta tsakanin yaran, in sun girma sai a kula da shiga ɗaki da sutura, abin da gidaje da yawa ba sa yi don an saba cewa wa da ƙanwa ne.

Marubuciya:
Uwar Biyu na yi tunanin haka na fasa, duk littafin da ka buɗe a waya yanzu ƙarshensa aure ne da Alhaji mai kamfani ko a rubuta bayan shekara goma kowa ya shiryu a feji guda. Ni so nake a ga shekarun suna wucewa a jikin mutanen, daga lokacin da uwar ke aika saƙo ƙauye a kaset har zuwan GSM a 2001 har yau da ake faɗan gado a guruf ɗin gida na WhatsApp

Ɗan Kakuri:
Wajen tashinsu daga Kakuri kam kin taɓa ni. Kafin Fabrairun 2000 gidan hayarmu ɗaki takwas ne, yare biyar, mai aikin Peugeot da mai masaƙa da soja mai ritaya, famfo ɗaya. Bayan nan kowa ya nemi ɓangarensa na kogi, mu muka yo arewa maƙwabtanmu suka yi Sabon Tasha. Kuma a gudun nan ne na ga 'yan uba da ba sa ga maciji sun kwana kan tabarma ɗaya

Admin:
Yaya a tsaya iya nan kan maganar rikici dan Allah, mun san yadda take ƙarewa a guruf. A koma kan littafi.

Baƙon Rigasa:
Salamu alaikum. Ban taɓa magana a nan ba, maiɗakina ce ta sa ni a guruf ɗin don ta gaji da karanta min. Ni agola ne, ba a littafi ba. Ina shekara uku aka zo da ni. Baba da kansa ya ɗora ni a Vespa ya kai ni firamare ya rubuta min sunansa a rijista, ban san ba shi ya haife ni ba sai ina aji biyar, muna faɗa da yayanmu ɗan Inna, kishiyar mahaifiyata, a kan ƙwallo ya ce in tafi gidan ubana. Na je na tambayi mahaifiyata ta fashe da kuka, Baba ya zane shi da daddare, daga ranar kuma Inna ta ɗaura min karan tsana don an daki ɗanta saboda ni. Sunana ba ya fita bakinta sai da na mahaifiyata a haɗe, wane ɗan wance, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Haka na yi ta amfani da sunan Baba har ƙarshen 2020 da aka matsa kowa ya haɗa lambar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya, na ce tunda za a rubuta abin da zai zauna bari in koma sunan mahaifina, dama wani malami ya taɓa karanta min ayar Ahzab da ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Na je kotu na yi takardar rantsuwa. Da na faɗa wa Baba sai ya ce ka kyauta, haƙƙin mamaci ne. Ya shiga ɗaki, aka kai masa tuwo aka dawo da shi yadda yake. Har ya rasu bayan shekara biyu bai sake tada maganar ba, ni ma ban tada ba, kuma har yau ban san ko daidai na yi da na faɗa masa ba.

Auta:
Innalillahi, Yaya ka sa ni kuka

Baƙon Rigasa:
Abin da nake so marubuciya ta ji shi ne ranar zaman makoki. Mutane na zuwa suna cewa ina 'ya'yan, a nuna musu tabarma, ni ina can ina jera butoci ina raba ruwan leda, ni da na yi ta ɗaukarsa ina kai shi bayi. Ba wanda ya kore ni, ni ne ban san inda zan zauna ba. Wanda ya taso ya ja hannun rigata ya zaunar da ni a tsakiyarsu shi ne yayan nan da ya ce in tafi gidan ubana. Ranar rabo kuwa wanda ya ce bare ya ɗan ba mu wuri ƙanena ne da muka fito ciki ɗaya, wanda na goya, na biya masa kuɗin jarrabawa. Don haka in kin sa 'yan ɗakin uwargida duk miyagu 'yan ɗakinsu duk na kirki, ba haka abin yake tafiya ba.

Hajiyar Malali:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ita Innar tana raye?

Baƙon Rigasa:
Tana nan Hajiya, a gidana ma take, nata mazan ɗaya na Abuja ɗaya na Legas, ta ce ba za ta iya zaman bene ba. Ba ta taɓa ce min yi haƙuri ba kuma na san ba za ta ce ba. Amma kusan shekara shida kenan ban ji sunana a bakinta ba. Sai dai ta ce wa yarana ina babanku, ko ta ce yaron nan ya dawo? Da farko na ɗauka gaba ce sabuwa, maiɗakina ce ta ankarar da ni cewa duk duniya mutum biyu ne Inna ba ta faɗin sunansu, ɗanta na fari da ni.

Marubuciya:
Tabɗi. Alkunyar ɗan fari take maka kenan. Yaya dan girman Allah ka ba ni aron wannan, wlh ko shekara zan yi ina tunani ba zan ƙirƙiro shi ba

Baƙon Rigasa:
Ki ɗauka, ba sunan kowa a ciki ai

'Yar Tudun Wada:
Abin ya taɓa zuciya amma ni dai bari in zama mai baƙin jini, alkunya ba ta biyan kuɗin bulo. In kika rufe littafi a kan ya yi haƙuri ya tashi hannu rabbana tsohuwa ta daina faɗin sunansa, me kika koya wa agololin da ke karantawa? Su yi ta bauta su yi shiru? Yaya kai ka nemi naka?

Baƙon Rigasa:
Ban nema ba. Rufin kwanon gidan ni na yi, ban ajiye rasit ba don ban taɓa kawo ranar a raina ba. Wani lokaci in na wuce ta layin ina jin abin, ba zan yi miki ƙarya ba.

Marubuciya:
Toh na ji kowa, ga inda na tsaya. Ba wasiyya, Auta ki yafe ni, tsohon da ya kasa buɗe baki shekara talatin ba zai zama jarumi a takarda ba. Amma agolan zai buɗe baki a wajen rabo ya ce a fitar masa da kuɗin bulonsa don rance ya bayar, ƙanensa na ciki ɗaya ya ce ina shaidarka, ɗaki ya yi tsit, sai uwargida daga bayan labule ta ce a gabanta aka sauke bulon kuma ta ji lokacin da marigayi ya ce zai biya. Ta san maganar za ta rage rabon 'ya'yanta da nata tumunin. Kuma zan koma baya in ƙara feji biyu a ɗakinta saboda Hajiya

Malam na Unguwar Sanusi:
Ya yi, sai dai shaidar mace ɗaya ba za ta wadatar ba in sauran suka ƙi, ki nemo magini ko mai motar da ya kawo bulon ya tsaya tare da su.

Ɗan Kakuri:
A-kori-kura za ki sa ba tifa ba, layukan Rigasa na wancan lokacin in damina ta sauka ko mashin sai an tura

Auta:
Ni dai ban yafe ba sai na gani. Yaushe za ki saki?

Marubuciya:
Juma'a da daddare in an kawo wuta. Saura abu ɗaya, a bayan labulen me za ta kira shi, mai waldan nan?

Baƙon Rigasa:
A'a, a gaban mutane ba za ta ambaci sana'arsa ba. Yaron nan za ta ce, kuma ba za ta kalli inda yake ba.